Kukan Da Na Yi Wa Shiru

Litinin, da hantsi

Faifan Ango ya fito. Ango jikana ne, ɗan ɗana Manaja, tun yana cikin tsumma nake ce masa mijina, kuma har yau ko albasa bai taɓa kawo mini da sunan cefane ba. Tun da suka yi ta da ubansa ya dawo ɗakin baya na gidan nan. Ya liƙe bango da kwalin ƙwai kamar mai shirin kiwon kaji, ya shimfiɗa wayoyi a ƙasa, ya hana ni shara. Shi da abokansa biyu, mai ganga da wata doguwar yarinya mai piyano, in suka shige tun safe sai yunwa ta koro su.

Na ce, "To wa ya yi waƙar?"

Ya ce, "Kaka, babu waƙa. Kiɗa ne zalla."

Na ce, "Ku uku, ba wanda Allah ya ba baki?"

Ya ce irin nasu haka yake. Jita ta taso a hankali kamar ruwa daga nesa, a yi ta jan abu, a yi ta ja, can sai ya tashi ya rufe mutum, sannan ya koma ya kwanta. Na ce ai wannan labarin zazzaɓi ne.

Ya yi dariya har da dafa bango. Ina son kallon dariyarsa. Kafaɗunsa ne ke farawa.

Ya ce ba zai kunna mini ba sai ya nutsu, wai kunnena ne yake jira fiye da na kowa. Na ce ba sauri.

Ba sauri ko kaɗan.

Laraba, bayan azahar

Nas ta shigo shan shayi. Maƙwabciyata ce, ta bar aikin asibiti tuntuni amma har yau kallon marar lafiya take yi wa kowa. Ta ce unguwa ta huta tun da yaran nan suka gama, wai wata rana gangar ta sa agogonta ya faɗo daga bango. Ta ce, "Ke kam kin yi haƙuri." Na ce ni ban ga abin haƙuri ba, yara ne masu natsuwa.

Ta tashi ta sauke buta. Ashe ta daɗe tana tafasa. Butar nan ta daina fito, kayan yanzu ba su da ƙarko.

Nas ta zuba mini ido. Na ce in hoto take so ta zo da na'ura.

Alhamis, da safe

Masu sharhi sun fara. Ashe akwai mutanen da aikinsu ke nan, su zauna su saurari wahalar wani su rubuta yadda suka ji. Ango ya ƙara mini girman rubutu a wayarsa na karanta da kaina, a hankali, irin karatuna. Wani daga wata ƙasa ya ce faifan kamar ka tsaya ne a cikin gida bayan baƙi sun watse. Na ce wannan ai wanke-wanke yake nufi. Wata ta ce a kiɗa na uku, wurin da jita ta tashi, sai da ta ajiye abin da ke hannunta.

Na sake karanta nata. Na uku, wurin da jita ta tashi. Na riƙe.

Ango bai taka ƙasa ba yau. Ya soya ƙwai ya ƙona, ya cinye yana murmushi.

Asabar, da la'asar

Manaja ya zo kamar kullum, da ledar lemo da fuskar ofis. Ɗana ne na fari, kamfanin motocin kaya yake riƙe, kuma tun yana yaro in ya faɗi magana sai ya cika ta ko da shi za ta cutar. Ya duba tukunyar gas, ya duba sakata, ya duba ni. Tun abin da ya faru a bakin titi da mai babur ɗin nan, wanda ya rantse wai ya yi ta danna hon, Manaja ya kafa mini doka. Ya ce ranar da ya tabbatar wani abu ya fara raguwa a jikina, ido ko waninsa, ranar zan tattara in koma gidansa. Bene ne. Ɗaki mai kyau, matarsa 'yar albarka ce, ba ni da abin cewa. Amma daga tagar ba ka ganin komai sai tankin ruwan maƙwabta. Nan kuwa na san kowane tsagin siminti, kuma lemon tsamin da babansu ya dasa yana leƙo ni ina kwance.

Na zauna inda haske ke dukan fuskarsa, muka yi hira lafiya lau. Ya juya yana wanke hannu ya faɗi wani abu. Na ce, "Kai dai ka rage tumbi." Ya yi dariya. Ko me ya tambaya, oho.

Da zai tafi sai ya ajiye jarida a kan tebur, a ninke, shafin a sama. Bai ce wa ɗansa komai ba. Akwai alkawari a tsakaninsu: in kiɗan bai kai ko'ina ba, akwai tebur da kujera suna jiran Ango a kamfani.

Lahadi, da hantsi

Na karanta jaridar. Akwai hoton mai sharhin, gilashi a kan hanci, fuska kamar wanda aka ba magani mai ɗaci. Ya ce yaran sun iya riƙe kayan kiɗa amma ba su da abin faɗi. Ya ce kiɗa na huɗu ya fi layin asibiti tsawo. Sai ya rufe da cewa faifan nan, ko an kunna ko ba a kunna ba, mai saurare ba zai gane bambanci ba.

Mai Gilashi ya iya baƙar magana, ba zan ɓoye ba. Da ba jikana ya taɓa ba da na yi dariya.

Ango ya karanta a tsaye. Ya ninke ta daidai yadda ubansa ya ninke.

Litinin, da yamma

Bai fito ba. Na ajiye abinci a ƙofa, na dawo na tarar kyanwa ta yi godiya.

Talata, da yamma

Ya fito ya sha ruwa. Na ce, "Miji, in takaba kake yi, ban mutu ba tukuna." Bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce an ɗauki maganar Mai Gilashi ana ta yawo da ita a waya, har da masu sa hoton rediyon da ba batir. Na ce su waye? Ya ce mutane. Na ce mutane ai ba su da aikin yi.

Ya ce, "Jibi zan kunna miki. In ke kika ce da wani abu a ciki, ya ishe ni."

Na ce to.

Na kasa cin abinci. Burodin yanzu ma ba shi da daɗi.

Alhamis, da la'asar

Na yi ɓarna.

Juma'a, da safe

Lemon tsami ya yi fure ta gefen katanga. Ya kamata a sare reshen da ke taɓa waya. Na share tsakar gida sau biyu. Ƙofar ɗakin baya a buɗe take, gadon a gyare, abin da bai taɓa yi ba.

Juma'a, bayan azahar

Bari dai in rubuta, ko zai bar mini ƙirji.

Ya zaunar da ni a kujerarsa mai juyawa. Ya ɗauko abin kunnen nan mai kama da kofuna biyu ya ɗora mini, ya gyara mini ɗankwali da hannunsa. Ya juya wajen kwamfuta. Sai na ga ya ɗaga kai, ya nufi ƙofa, yana tafe yana magana, bayansa gare ni. Ya fita.

Na ɗauka ya kunna ne ya ba ni wuri. Ai ya ce a hankali abin ke farawa. Na jira ruwan nan mai tahowa daga nesa. Na rufe ido. Na yi ta jira.

Sai na ce a raina, ke, yaron nan zai dawo ya same ki kamar turmi. Na fara kaɗa kai. Na ɗan dafa ƙirji. Ina cikin haka na tuna yadda yake fitowa daga ɗakin nan idonsa jajir, yatsunsa duk kanta, duk don wannan abin da ke kan kunnena, ni kuma ina zaune a ciki kamar wadda aka rufe a rijiya. Hawaye suka zo da kansu. Ban kira su ba.

Da na buɗe ido yana tsaye a gabana. Ban san tun yaushe ba. Na share fuska na ce, "Wurin nan da jita ta tashi, a na uku, ya shige ni har ƙashi."

Ya juyo da fuskar kwamfutar wajena. Akwai wani layi da ke tafiya in kiɗa na yi. Yana tsaye a farko. Ko motsi bai yi ba. Ashe mai ganga ne ya buga ƙofar gida, shi kuma ya ce mini in jira, bai kunna ba tukuna.

Na kalli bakinsa. Ya ce, "Har da ke, Kaka?"

Sai a lokacin maganar Mai Gilashi ta faɗo mini. Ko an kunna ko ba a kunna ba. Ya ɗauka tsiya na shirya masa, har da hawayen ƙarya. Kuma wa zai ga laifinsa? Duk rayuwarsa tsiya nake masa.

Na buɗe baki. Na tuna bene da tankin ruwa. Na rufe.

Ya kwashi kaya kaɗan a jaka. Yana gidan ubansa.

Lahadi, da hantsi

Manaja ya aiko direba da saƙo a takarda, don ya ce kullum ya kira ba na ɗauka. Wayar nan ƙararta ta lalace. Wai Ango zai fara zuwa ofis gobe, shi Manaja ya gode mini da duk abin da na gaya wa yaron.

Ya gode mini.

Talata, da safe

Gidan ya yi shiru.

Na rubuta wannan na zauna ina kallonsa. Ni ce ke cewa gida ya yi shiru. Da, in suna ciki, ƙasa na ɗan rawa a tafin ƙafata, kofuna na motsi a kan tire. Shi ne babu.

Laraba, da la'asar

Nas ta zo. Ta ja kujera ta zauna dab da ni, ta fuskance ni sosai, tana buɗe baki kamar mai koya wa jariri magana.

Na ce, "Lafiya? Haƙoran roba kika sa kike nuna mini?"

Ta ce, "Tsohuwar banza. Kin ɗauka ban sani ba? Na fi shekara ina ƙwala miki kira ta katanga."

Na ce na ɗauka gaisuwa ce ba ta iya ba.

Ta ce, "Bar wannan. Yaron ya rame. Na gan shi a mota jiya da igiyar nan ta 'yan ofis a wuya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ki gaya masa."

Na ce, "In gaya masa me? Ni lafiyata ƙalau. Mutane ne suka koma magana ciki-ciki."

Ta ce, "To zauna da gidanki. Ki rungumi lemon tsami, shi zai riƙa ce miki Kaka."

Na kore ta. Ta ɗauki sauran biskit ta tafi da shi.

Juma'a, da hantsi

Mai piyano ta zo ɗaukar wayoyinta. Yarinya mai kunya, sai na yi ta ɗago mata haɓa da cewa ina son ganin kyakkyawar fuska. Ta ce an gayyace su su yi wasa a garuruwa da dama, waɗanda faifan ya yi wa daɗi ne suka haɗa abin, ƙarshen wata za a tashi. Ango ya ce ba ya zuwa. Ya kai jitarsa shagon masu kayan kiɗa a sayar. Ta ce, "Ba jaridar ba ce, Kaka. Ya ce wanda ya fi kowa saninsa ya riga ya yanke hukunci."

Na ba ta lemon tsami cike da leda, don hannuna ya sami abin yi.

Juma'a, da yamma

Na je na gani. Tana rataye a bayan gilashin shagon, tsakanin wata ja da wata baƙa. Na gane ta da ƙunar da ke gefenta, ranar da ya jingina ta da dutsen gugana. Na daɗe a tsaye har mai shagon ya fito ya tambaye ni wani abu. Na ce masa ango nake nema, ko yana da ƙane.

Asabar, bayan azahar

Ya zo kwasar sauran kayansa, direba na jira a waje. Riga mai dogon hannu, an aske sumar. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar baƙuwa. Na bi shi ɗakin, na tura ƙofa, na tsaya a gabansa.

Na ce, "Ango, ranar nan ba tsiya na yi maka ba. Ba na ji ne. Kunnen ya tafi."

Ban taɓa faɗa ba ko a cikin ɗakina ni kaɗai. Na ji kalmar ta fita kamar an zare mini haƙori.

Ya dube ni. Sai ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Ya ce, "Kaka, ya isa."

Na ce wallahi.

Ya ce, "Kin taɓa makancewa don in karanta miki takardar magani. Kin taɓa suma don kar in koma makaranta ranar Lahadi. Yanzu kuma kurumta? Ga shi ina magana kina amsawa."

Na ce bakinka nake karantawa.

Ya ce, "Kin iya labari, kowa ya sani. Ba sai kin lallashe ni ba. Ba ki ga komai a ciki ba, shi ke nan, ba laifi ba ne."

Ya ɗauki kwali ya juya. Wataƙila ya ƙara wata magana a bakin ƙofa. Wataƙila sallama ce.

Lahadi, da safe

Na yi niyyar in gaya masa a ɓoye, ya riƙe mini, in ci riba biyu, ga jika ga gida. Allah ya ga wayona.

Lahadi, da la'asar

Na zagaya gidan. Na taɓa ƙusar da babansu ke rataye hula. Na zauna a dokin ƙofar kicin inda nake tsince shinkafa, inda rana ke sauka a gwiwata da hantsi. Zanen tsawon yara yana nan a jikin ƙofa, na Manaja, na ƙannensa, na Ango can sama ya wuce kowa.

Gida dai bulo ne.

Ƙarya nake. Ba bulo ba ne.

Litinin, da hantsi

Na ba Nas saƙo ta kira Manaja. A kai ni wajen likitan kunne. Kuma a zo da mijina, ba na zuwa asibiti ba shi.

Nas ta gama wayar ta tsaya tana share ido da gefen mayafi. Na ce in kuka za ta yi ta dawo mini da biskit ɗina tukuna.

Alhamis, da yamma

Mun je.

Likitar yarinya ce, ba ta fi Ango ba. Ta leƙa kunnuwan da 'yar fitila, sannan ta sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, bango duk katifa, da taga ta gilashi. Na ce wa Ango, "Ka ga masu kuɗi, ba kwalin ƙwai." Bai yi dariya ba. Ya harɗe hannu a ƙirji, jira yake ya ga inda wasan zai ƙare.

Ta ɗora mini kofunan nan a kunne, ta ba ni wani maɓalli. Ta ce duk lokacin da na ji ƙara, komai ƙanƙantarta, in danna. Ta rufe ƙofa.

Ta gilashi ina ganin su uku. Likita na murɗa abu. Manaja na kallon takalminsa. Ango na kallona.

Na riƙe maɓallin. Yatsana na ƙaiƙayi. Na san dabarar, ina ganin lokacin da hannunta ke motsi, da na so da na danna daidai na fito da sakamako mai kyau. Sai na rufe ido.

Na zauna cikin rijiyata. Wani lokaci can ƙasa wani abu kamar kurman tsawa ya zo, in danna. Sauran duk babu. Ban kaɗa kai ba. Ban dafa ƙirji ba.

Da na buɗe ido Ango ya sauke hannuwansa. Ya matso har goshinsa na taɓa gilashin. Daga baya Manaja ya ce mini ƙarar ta kai har su da ke waje suna jin ta tana fita daga kofunan, ni kuwa ina zaune kamar mai jiran mota.

Likita ta nuna musu takarda da layi ya gangaro kamar hanyar dutse. Ta ce abin ya daɗe, ba na bana ba ne, ba na bara ba. Ta ce yadda na ɓoye shi sai wanda ya ƙware. Na ce a rubuta wannan a ba ni shaida. Za a yi mini abin ji na saƙalawa, ba zai dawo da komai duka ba, amma zai taimaka.

A mota Manaja ya zauna gaba, ƙeyarsa kawai nake gani. Ango ya zauna kusa da ni. Ya juyo da fuskarsa sosai, yadda haske zai same ta. Ba wanda ya koya masa.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin ka liƙa kwalin farko."

Ya ce, "Duk gwajin da nake zuwa in yi miki a kicin?"

Na ce, "Yatsunka na da kyau."

Ya dubi yatsunsa. Can ya ce, "Kukan fa?"

Na ce, "Shi kam na gaske ne."

Ya kifa kansa a cinyata, ƙato da shi, da igiyarsa a wuya. Kafaɗun suka fara. Wannan karon ba dariya ba ce.

Asabar, da la'asar

Manaja ya zo ba leda. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da ya daina tun yana sakandare. Ya ce, "Mama, da mai babur ɗin nan ya..." Bai ƙarasa ba. Ya ce gas zai iya yoyo, ana iya buga ƙofa, ana iya ihun gobara. Ya ce ba zai iya barci ba.

Ango ya ce shi zai dawo ya zauna da ni. Ba zai je ko'ina ba, ba ofis, ba tafiyar wasa, zai riƙa kula da ni.

Manaja ya dube ni. Na ga in na ce to, zai bari. Karo na farko a rayuwarsa zai janye magana.

Na dubi lemon tsami. Na dubi yaron.

Na ce, "Wa zai zauna da kai? Miji ba cefane, ba fita, sai zaman gadi? Na sake ka. Ka je ka karɓo jitarka kafin wani mai ƙaton yatsa ya saye ta, ka bi abokanka. Ni bene zan koma, an ce iskar can ta fi."

Ya ce, "Kaka..."

Na ce, "Ba na ji. Likita ta faɗa."

Talata, da hantsi

Ana ɗaure kaya. Ashe na tara tarkace haka. Nas ta karɓi tukwanen fure da sharaɗin kar in zo ina mata iyayi a kansu. Ɗakin baya za a bar wa yaran su ci gaba da damun unguwa.

Laraba, da yamma

Ban waiwaya ba. To, sau ɗaya.

Juma'a, da safe

Tankin maƙwabta shuɗi ne. Tattabaru na sauka a kansa. Matar Manaja ta sa mini kujera a inda rana ke shigowa, ban gaya mata ba, ita ta lura.

Litinin, bayan azahar

An saƙala mini abin. Duniya ashe gwangwani ce. Cokali na ihu, takalmi na ihu, ledar burodi kamar ana rushe gini. Muryata kuwa, ashe haka nake? Shekara da shekaru ina addabar bayin Allah da wannan murya ba wanda ya gaya mini.

Alhamis, da la'asar

Gobe da safe motarsu za ta tashi. Ya zo da jita a baya da 'yar lasifika a hannu, ya ce likita ta ce da ita zai fi. Ya kunna. Na sa ya nuna mini layin yana tafiya kafin in yarda.

Na saurara tun daga farko har ƙarshe. Ba duka ke iso ni ba. Na sama-saman nan sirara sun tafi, ba za su dawo ba. Amma ruwan ya taho. A na uku ya rufe ni, har na riƙe hannun kujera. Kuma can wajen ƙarshe akwai inda kowa ya yi shiru sai piyano, tana taɓa abu ɗaya tana sakewa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin marar lafiya. Wannan ba wanda ya rubuta shi a sharhi. Nawa ne.

Ya kashe. Ya durƙusa a gabana yana jira.

Na gaya masa na piyanon. Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Amma na huɗun nan, Mai Gilashi bai yi ƙarya ba. Na yi gyangyaɗi."

Ya ɗago. "Kaka! Ai da gangan ne. Jiran shi ne kiɗan."

Na ce, "To na jira, ba wanda ya zo."

Ya ce ban gane ba, sai an saurara sau da yawa. Na ce shekaruna ba za su kai ba, ya rage shi. Ya ce ko daƙiƙa ba zai cire ba. Na ce mai ganga ma barci yake a wurin, a tambaye shi. Ya miƙe yana nuna ni da yatsa, ya ce gobe a gaban jama'a sai ya ƙara masa tsawo, don ni. Muka yi ta yi har matar Manaja ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ya ce na ɓata masa rai. Ya sumbaci goshina da ƙarfi kamar mai buga hatimi, ya saɓi jitarsa, ya fita yana gunaguni.

Na ji gunagunin. Har ya kai ƙasan bene ina jin sa.